Yadda Ake Gane Abin Da Ke Raba Babbar Lamba

Ɗalibi mai shirin jarrabawa a Zariya, ajiye kalkuleta, rubuta 7,425,396.

Fara da lambar ƙarshe. 6 cika ce, don haka 2 na raba ta. 5 kuwa sai ta ƙare da 0 ko 5.

Sai biyun ƙarshe: 96 ta rabu gida 4 daidai, don haka 4 na raba babbar lambar. Ita 8 ukun ƙarshe ake duba mata, 396 kuma ta bar ragowar 4.

Tara lambobin duka, 36 ke nan: 3 da 9 na raba 36, don haka suna raba babbar lambar.

Dabarar 11 ce ke kayar da yara. Daga dama, ɗebe, ƙara, bi da bi: 6−9+3−5+2−4+7 = 0. Tunda 0 ya fito, 11 na raba babbar lambar, amsa 675,036. Kada ka tsallake lamba ko ɗaya, alamomin da ke bayanta za su juye, lissafi ya watse.