Kowane Ganyen Shayi da Irin Wutar da Yake So

Koren shayi da jan shayi duk ganyen bishiya ɗaya ne, wurin sarrafawa suka rabu. Idan an tsinko ganye aka yi maza aka gasa shi ko aka turara shi, sai ya riƙe korensa. Idan kuwa aka murza shi aka bar iska ta ratsa shi har ya yi duhu kafin a busar, shi ne ja, wanda a Injamena ake kira shayi ahmar. Shi ya sa dahuwar wannan ba ta yi wa wancan.

Koren da ya cika kasuwannin Garwa, Marwa da Kusuri daga Sin ake kawo shi, kuma iri biyu ne suka fi yawo. Akwai mai siririn ganye a lanƙwashe kamar gira, wato Chunmee, wanda za ka ga lamba 41022 ko 9371 a kwalinsa. Akwai kuma wanda aka dunƙule ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar dawa, mai lamba 3505. Dunƙulallen ya fi jure ajiya, kuma a hankali yake warwarewa cikin ruwa, saboda haka yana kai wa zagaye na uku na dahuwa da sauran ƙarfinsa. Kafin ka biya kuɗi, zuba kaɗan a tafin hannu. Idan gari da tsinke sun yi yawa, ƙaramin kaya ne. Idan ka ji warin rima, damina ta riga ta shige shi.

Ga yadda ake dafa shi a ƙaramar buta. Zuba ganye finjali ɗaya, ka kwara masa ruwan zafi kaɗan, ka girgiza ka zubar, ƙura da ɗacin farko su tafi. Ƙara ruwa finjali biyar, ka ɗora a kan garwashin da ya kwanta. Harshen wuta yana sa ya tafaso ya zube kafin ganyen ya saki. Bayan minti goma zuwa sha biyar sai sukari, kamar finjali ɗaya, sannan a riƙa juye shi daga sama tsakanin buta da finjali. Juyin ne ke narkar da sukari, ya rage zafi, ya tayar da kumfa. Idan kumfar ta ƙi tsayawa, ko dai ruwa ya yi yawa, ko finjalin na da maiƙo. Na'a-na'a sai a zagaye na biyu, kuma dab da sauƙewa, don in ta daɗe a wuta baƙi take yi ta ɓata ɗanɗano. Na farko kam mai ƙarfi ne, bai dace da wanda bai karya kumallo ba.

Wanda yake son koren shayi ba sukari, kada ya tafasa ganyen sam. A sauke ruwa, a jira minti huɗu ko biyar ya ɗan huce, a jiƙa ƙaramin cokali ɗaya a kofi na minti biyu.

Jan shayi kuwa Kamaru na noma nata, a Tole kusa da Buea, da Ndu, da Djuttitsa kusa da Dschang, wuraren tsaunuka masu sanyi da yawan ruwan sama. Shi tafasasshen ruwa yake so: ƙaramin cokali ɗaya ga kofi, minti uku zuwa biyar. Mai laushi irin na cikin 'yar jaka ya fi saurin saki, minti biyu zuwa uku ya ishe shi. In ya wuce haka sai ya kama harshe, kuma ƙarin sukari ba ya gyara shi. Jan shayi ne ke ɗaukar madara. Idan za a sa citta, kirfa da kanumfari, a fara tafasa su minti biyar kafin ganye ya shiga. Kanumfari ƙwaya uku a lita ya isa, fiye da haka sai ya danne komai.

Zoɓo, wanda Fulani ke cewa follere, a Chadi kuma karkanji, da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake kira sitironel, ana kiransu shayi ne kawai, amma ba su da sinadarin da ke hana barci, don haka sun dace da dare. Cikin hannu ɗaya na zoɓo ya ishi lita guda. Tsami gare shi: yana tsinka madara, yana kuma cin tukunyar dalma.

Ganyen shayi yana zuƙar warin duk abin da ke kusa da shi. A ajiye shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da sabulu, daddawa da kananzir. Mai juna biyu da wanda jini bai ishe shi ba su bar shayi sai bayan awa ɗaya da cin abinci, domin yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abincin.