Canza oyal sil na aksil ɗin baya a gida: kurakuran da ke kashe aksil gaba ɗaya

Na gaji da ganin aksil mai lafiya, wanda ɗigar mai kaɗai ke damunsa, an kwance shi a gida, bayan wata biyu ya koma gurnani. Shi sil ɗin, wato zoben da ke gaban aksil yana hana mai zuba, roba ne da ɗan ƙarfe, cire shi da sa sabo ba ya cin rabin awa. Abin da ke kewaye da shi ne yake kayar da masu koyo, kuma kullum a wurare guda suke faɗuwa.

Babban kuskure, wanda ni ma ya taɓa ci mini aksil, yana kan babban notin da ke tsakiyar filanji, wato bakin ƙarfen da farfela, doguwar sandar da ke kawo juyi daga giyabos, ke ɗaurewa a kansa. Mutum zai ga noti ƙato, ya ɗauka aikinsa riƙe filanji ne kawai, don haka iya ƙarfinka iya kyan aikinka. Ba haka ba ne. A bayan sil akwai boris guda biyu masu tsini suna fuskantar juna, su ke riƙe da sandar ƙaramin giyan da ke juya babban giyan cikin aksil. Wannan notin ne ke ƙayyade yadda za su matsu. A motoci da yawa, irin su Toyota Hilux da aksil ɗin Ford 8.8, tsakanin boris ɗin biyu akwai wani gajeren bututun ƙarfe da aka ƙera musamman don ya lotsa idan an ɗaure. Ya lotsa sau ɗaya tun daga kamfani, daidai gwargwadon da ake so. Ka ƙara masa, ya ƙara lotsawa, kuma ba ya miƙewa har abada.

Ni da bindigar iska, wato injin ɗaure noti mai aiki da iska, na mayar da nawa notin. Na ji ta tsaya, na ƙara mata biyu don in tabbatar, na sauke mota ina murna ba ɗigo ko ɗaya. Kwana uku na fara jin ƙara siririya idan na ɗaga ƙafa daga totur. Na ce sabon mai ne, zai saba. Ranar da na yi doguwar tafiya na tsaya na kai hannu gaban aksil, ban iya taɓa shi ba don zafi. Da aka buɗe, boris ɗin ya yi shuɗi saboda ƙuna, man ya cika da garin ƙarfe, haƙoran giya ma sun ci juna. Garin neman gira na rasa ido. Har yau idan na ga wani ya nufi wannan noti da bindigar iska zai ɗaure, raina ɓaci yake yi.

To yaya ake yi? Kafin sifana ta taɓa noti, ka goge wurin, ka ja layi ɗaya da fenti ko ka buga alama da ƙusa a kan noti da kan sanda da filanji, su uku a jere. Ka ƙirga zaren da ya leƙo a gaban noti, ka rubuta, ka ɗauki hoto da waya. Wajen mayarwa da hannu za ka ɗaure, sannu sannu, har zaren ya cika adadinsa alamomi su haɗu, sannan ka gota da ɗan abin da bai wuce milimita 1 ko 2 ba. Wannan dabarar da tsohon noti kaɗai take aiki, don alamar ba ta kan sabo, saboda haka sai ka ɗiga wa zaren gam ɗin kulle noti. Ni yanzu ba na tsayawa a alama. Tun kafin in kwance noti ina cire tayoyi da duram ɗin birki, in ɗora ƙaramar sifana mai awo a kan noti, in juya sandar, in karanta ƙarfin da take buƙata tana cikin juyawa. Ƙarfin ƙanƙani ne, a boris ɗin da ya yi aiki yawanci bai wuce Nm 2 ba (Nm ma'aunin ƙarfin murɗawa ne), alhali shi notin a motoci da yawa yana shan kusan Nm 200. Da na gama sai in komar da shi wannan awon da ɗan ɗori kaɗan, tunda sabon sil ya fi tsoho kamawa. Akwai masu cewa wannan ɓata lokaci ne, alama ta isa. Sun yi gaskiya sau da yawa. Ni dai na biya kuɗin koyo, ba zan sake ba.

Idan kuma ka zarce, kada ka kuskura ka warware noti baya ka ce ka gyara. Bututun ya riga ya lotsa, sassautawa za ta bar boris yana lilo. Sabon bututu ne maganinsa. Aksil ɗin da ke da tsayayyen bututu da siraran wosha shi ne ake ɗaure shi kai tsaye zuwa awon da littafin motar ya faɗa, don haka ka san wanne ne naka tun kafin ka shiga ƙarƙashi.

Kuskure na biyu da ke ba ni haushi shi ne canza sil ba tare da tambayar me ya sa ya yi yoyo ba. A saman aksil akwai ɗan hanci da yake shaƙar iska da shi, wani da 'yar hula, wani da siririn tiyo. Mai yana zafi, iskar ciki tana kumbura, ta nan take fita. Laka ta toshe shi, iska ta rasa hanya, sai ta turo mai ta bakin sil. Na san wanda ya sa sil uku a jere yana zagin masu sayar da kaya, alhali hancin ne a toshe da taɓo. Kwance shi, wanke da kananzir, hura ka ji iska ta wuce. Minti biyar ne, ɗan'uwa, me zai hana ka?

Haka kuma ka kama filanji da hannu biyu kafin ka kwance, ka girgiza sama da ƙasa, ciki da waje. In ka ji yana motsi, boris ya tafi, kuma babu sil ɗin da zai riƙe mai a kan sanda mai rawa. Bayan ka zaro filanjin, bi wuyansa da farce a inda leɓen sil ke gogawa. Farce ya maƙale a rami, to sabon sil ma a ramin zai zauna ya ci gaba da zuba. Ko ka sa siririyar rigar ƙarfe da ake sayarwa don haka, irin Speedi-Sleeve na SKF, ko ka sayi wani filanjin. Samfefa ba ta cike rami.

Wani ma ba sil ɗin gaba ne ke masa yoyo ba. Mai yana bin iska ya koma baya, ya jiƙe ko'ina. Wanke aksil tas, ka yi 'yar tafiya, ka ga inda ya fara jiƙa. In ta wajen taya ne, sil ɗin gefe ne, kuma man giya ka san shi da warin ruɓaɓɓen ƙwai, ba ya kama da man birki. Takalmin birkin da ya sha man giya ya gama aiki. Wanke shi da fetur yaudarar kai ce, da ya yi zafi man zai sake tsattsafowa. A canza, kuma gefe biyu tare.

Yanzu zan yi faɗa. Kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Kuma ka sani, da zarar ka cire farfela, giyar da ka bar motar a ciki ba ta riƙe tayoyin baya kuma, ko P ce ko giya ɗaya. Ka sa waigi a tayoyin gaba, gaba da baya, ka ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe, ka girgiza ta da ƙarfi kafin ka kwanta. Aksil ana sayen wani, ƙirji fa?

Sauran ƙanana ne, amma suna mayar da aiki baya. Yi wa farfela da filanji alama don su koma yadda suke, in ba haka ba mota na iya kama kakkarwa a guje. Naɗe kofunan kuros, wato gaɓar da ke bakin farfela, da salatif kada alluran ciki su zube, kuma ka ɗaure farfelar sama da waya, kada ka bar ta tana reto ko ta zare daga giyabos. Filanji da abin zaro ake cire shi, dukan guduma yana sauka ne a kan boris. Wajen ɓanɓaro tsohon sil da sukudireba, kada ka karce mazauninsa.

Sabon sil kuwa, leɓensa mai sifirin ciki yake kallo, wajen mai. Ni ina cusa giris a bayan sifirin ɗin don kada ya yi tsalle ya fita lokacin bugawa, in shafa wa leɓen mai don kada ya fara aiki a bushe. Da guntun bututu ko babban soket mai faɗinsa ake kora sil ɗin, a miƙe, ba guduma kai tsaye gefe-gefe ba. Ya karkace ko ya lotsa, cire shi ka sa wani, shi ya sa nake sayen biyu. Ina kuma shafa ɗan silikon a tsagogin filanji ƙarƙashin wosha, don mai yana bin nan ya ɓullo ta bayan noti, mutum ya rantse sil ne.

Maganar mai: fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa. Ka tsiyaye tukuna sannan na sama ya ƙi kwantuwa, ka zauna da aksil babu mai. Man giya GL-5 ake sa wa, yawanci 75W-90 ko 80W-90, ba baƙin man inji ba. In aksil ɗinka LSD ne, wato mai hana taya ɗaya ta yi ta juyawa ita kaɗai a santsi, kuma mai faifan kulochi, yana son mai na musamman ko ƙarin sinadarinsa, in babu za ka ji yana kakkafewa a kwana. Mota ta tsaya daidai ba a karkace ba, ka zuba har ya taɓo leɓen ramin ya fara dawowa, ka tsaya nan.

Ka yi tafiyar kilomita 15 ko 20, rediyo a kashe, kana sauraron baya lokacin da ka taka totur da lokacin da ka saki. Ka tsaya ka kai hannu a hankali wuyan aksil inda boris yake. Ɗumi ba komai ba ne. In ya fi sauran jikin aksil zafi nesa ba kusa ba, ko ka ji siririyar ƙarar nan da na ji, ajiye motar a ranar, a buɗe a sa sabon bututu tun giya bai shiga ciki ba.