In jiran kaya ya riƙe ka a Lome, ga yadda za ka ga bakin teku

Ƴan'uwana na Yamai da Tawa masu sauka Lome sayen mota ko jiran kwantena, abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya yi sati ukku yana kai da kawo tsakanin Zongo da por, wato tashar jiragen ruwa, yana shan shayi yana jiran taranzitarshi, mai fitar mushi da kaya, ya kira, ya koma gida bai san tekun ba sai ta tagar mota. Ni ma haka na yi zuwana biyu na farko, sai a na ukku wani dattijo ɗan Adar da ya daɗe can ya ce min "yaro tashi mu tahi ka ga inda abin ya faro", to abin da ya nuna min shi zan gaya muku.

Ka fita bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, ka tsayar da ɗan kabu-kabu, can zemijan suke ce mushi, ku gama ciniki kafin ka hau, ka ce ya kai ka waf, tsohuwar gadar sauke kaya a bakin ruwa kusa da babbar kasuwa. Kuɗinsu sefa ne irin namu babu wahalar canji. Za ka ga ƙarafa sun yi tsatsa sun miƙe cikin ruwa, kada ka raina su. Gaɓar Togo ba ta da lungun da jirgi zai fake, igiyar ruwa kuwa tana karyewa da ƙarfi dab da yashi, da can jirgi nesa yake tsayawa sai kwalekwale su je su ɗauko kaya, wasu su kife da kayan da mutanen. Shi ya sa Jamusawa sunka gina gadar ƙarfe cikin teku a 1904, ruwa ya lalata ta a 1911 anka gyara, daga baya Faransawa sunka yi tasu a 1928. Ko da gadar ma jirgi ba ya matsowa, ƙananan jirage ke kawo kaya gindinta injin ɗaga kaya ya ɗora bisa, har mutane cikin wani abu kamar kwando ake ɗago su! Daga nan reluwe ya ɗauka, layin Aneho an buɗe shi 1905, na Kpalime 1907. Ka tsaya ka yi minti goma kana kallon yadda ruwan ke dukan ƙarafan nan, kai da kanka za ka gane dalili.

Kuma don Allah kada ka shiga ruwan. Wannan ba kogin Isa ba ne, ko kai gwanin iyo ne a Gaya ruwan nan ta ƙasa yake jan ƙafa, jiƙa sawu kawai ya isa. Ƙarafan ma kada ka hau, sun ci.

In ka yi sa'a za ka tarar da masunta sun yi layi suna jan koma da waƙa, ka gaishe su, in za ka ɗauki hoto ka tambaya tukuna. Ka sha ruwan kwakwa. Yamma kaɗan akwai tsohon gidan gwamnan Jamus da anka gyara anka buɗe wa jama'a a 2019, gaba da shi sai iyakar Gana ta Aflawo.

Sannan ka juya gabas. Por ɗin da kayanmu ke sauka a 1968 anka buɗe shi, shi ne ya kashe kasuwar waf tunda yanzu jirgi na shigowa har jikin gini, amma ba a shiga sai da baj, katin izinin shiga, kuma ka mayar da wayarka aljihu a bakin ƙofa. Ka wuce shi zuwa Gbetsogbe, sabuwar tashar masunta da Japan ta taimaka anka gina, ita ma 2019. Nan na fi so wallahi, an tare igiyar ruwa da duwatsu kwalekwale na shigowa lafiya lau, ga wurin sauke kifi ga rumfar saidawa ga ƙanƙara, mata ne ke riƙe da cinikin kuma ba su da wasa. Ka sa takalmin roba don ƙasa a jiƙe take, ka riƙe ƴan canji, in tsaraba kake so ka sayi mai hayaƙi, ɗanye ba ya kai ko Dapaong balle Yamai.