Kurakuran da masu babur ke yi wajen shan mai a Katsina

Famfon gidan mai don mota aka ƙera shi, shi ya sa yake wahalar da mai babur. Kusa da bakin famfon akwai wani ɗan ƙaramin rami. Da zarar mai ya toshe shi sai famfon ya yanke da kansa. Wuyan tankin mota dogo ne, mai na gangarawa salin alin. Na babur kuwa ba shi da zurfi, balle na roba-roba da ke ƙarƙashin kujera. Idan aka zurma bakin famfon can ciki aka matse shi gaba ɗaya, man yakan daki ƙarfe ya dawo, famfo ya yi ta yankewa alhali tanki bai kai rabi ba, ko ya fantsamo waje. Gyaran ba wuya: a saka bakin kaɗan, a karkata shi, a matsa a hankali, ido na kan man. Faɗa wa mai zubawa, "Malam, a hankali don Allah." Kuɗinka ne, kuma tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu ɗigon da ya cancanci ƙasa ta sha.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne zama a kan babur ana zuba mai, wani ma injin na aiki, ga goyo a baya. Tankin Boxer a tsakanin cinyoyinka yake, injin mai zafi na ƙarƙashinsa, ga fulogi a gefe. Idan mai ya zube, wandonka zai fara jiƙewa, kuma mutumin da ke riƙe da babur da ƙafafunsa ba ya iya gudu. Na san uzurin 'yan acaɓa: layi ya yi tsawo, fasinja na gaggawa. Duk da haka, kashe injin, sauke fasinja, kafa jak, kai ma ka sauka.

Sai masu cewa a cika har baki, suna jijjiga babur don ya ƙara ɗauka. Fetur yana kumbura da zafi, zafin Katsina a watan Afrilu kuwa ba sai an faɗa ba. Ka ajiye babur a rana, sai ka tarar mai na tsatsowa ta murfi yana cin fenti. Bar tazarar kamar yatsa biyu.

Kafin a fara, dubi mita ta koma sifili, ka faɗi kuɗin da baki a ji.

Akwai wanda ake mantawa bayan an biya: makunnin mai. Wanda ya shigo a kan rizab, wato ɗan man ajiya na ƙasan tanki, ya mayar da makunnin daidai kafin ya tashi, in ba haka ba ranar da mai zai ƙare babu gargaɗi, sai tura babur a hanyar Daura ko Jibiya, sai kuma kwalbar 'yan bumburutu da ba ka san me aka gauraya a ciki ba. Idan kuma turo shi ka yi har gidan mai, kafireta ta bushe. Kada ka hau buga kik nan take; buɗe makunnin, jira ɗan lokaci mai ya sauka, sannan ka tayar.

In ka tarar tanka na sauke mai a gidan, ka wuce na gaba. A lokacin ne dattin ƙasan rijiyar ajiyar man ke tasowa, kuma ƙaramar tsakuwa ta isa ta toshe kafiretar babur.