Yadda Ake Tattaki Zuwa Tantunan Makiyaya a Tabkin Son-Kul

Tabkin Son-Kul yana yankin Narin na ƙasar Kirgistan da ke tsakiyar Asiya, a tsayin mita 3,016 daga doron teku. Babu gari a bakinsa. Makiyaya ne ke hawowa da dawakai da tumaki idan ciyawa ta fito, su kafa zagayayyun tantunansu na ulu da ake kira yurt, kamar yadda Fulani ke kafa ruga. Cikin waɗannan tantunan za ka kwana.

Fara da zaɓen lokaci. Daga watan Yuni zuwa Satumba ne makiyayan ke can. Bayan haka sai su kwashe tantuna su sauka, tabkin ya daskare, hanyoyi su toshe da dusar ƙanƙara.

Daga Bishkek, babban birnin ƙasar, ka hau ƙaramar bas zuwa garin Kochkor, tafiyar kamar awa 3. A nan akwai ofishin CBT, wata ƙungiyar yawon buɗe ido mai haɗa baƙi da iyalan makiyaya. Ka kama masauki, ka ɗauki ɗan jagora, ka kuma tanadi tsabar kuɗinsu, wato som, domin can sama kati ba ya aiki. Ka kwana ɗaya a Kochkor, kada ka yi garaje. Jikin da ya saba da ƙasa-ƙasa yana buƙatar sabawa da ƙarancin iska.

Sanyi shi ne babban abin shiri, kuma a nan mutanenmu suka fi yin sakaci. Da rana hantsi zai gasa maka fuska, amma rana na faɗuwa sai sanyi ya sauko har ruwa ya iya daskarewa, ko da a watan Yuli. Saka rigunan sanyi biyu ko uku masu hawa kan juna, rigar ruwa, hular sanyi, safar hannu, safar ƙafa ta ulu da tocila a jakar goyonka. Takalmin kuwa ya zama wanda ƙafarka ta saba da shi, sabo zai yi maka kanta tun ranar farko.

Yawanci daga ƙauyen Kizart ake ɗaga ƙafa. Ranar farko a kwana a makiyayar Kilemche, washegari a haye mashigin Jalgiz-Karagai, wanda ya haura mita 3,300, sannan a gangara tabki. Fita da sassafe, domin hadari da yamma yake haɗuwa. Taka a hankali, sha ruwa da yawa. Idan ciwon kai ya tsananta, ga amai ko jiri, to sauka ƙasa nan take. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne.

Da ka hango tanti, tsaya daga nesa ka kira masu gida su kama karnukansu. Cire takalmi, kuma kada ka taka dokin ƙofa. Za a zaunar da kai gaban ledar abinci cike da burodi, man shanu da shayi, murhu na ci da kandilo a gefe, hayaƙi na fita ta bututu kusa da tunduk, da'irar katakon rufin da ke kan tutar ƙasarsu. Ɗanɗana burodin ko da loma ɗaya ce, ƙin ci ba ya yi musu daɗi. Kimiz kuwa, wato nonon goɗiya mai tsami, yana da ɗan giya a ciki. Yawancinsu Musulmi ne, don haka idan ba za ka sha ba, ka dafa ƙirji ka yi godiya, ka nemi shayi.

Kafin ka kwanta, roƙi uwargida ta ƙara maka bargo, domin wutar murhu tana mutuwa tun tsakar dare.