Kurakuran da masu koyon rubutun Sinanci ke ta maimaitawa

Yawancin masu fara koyon haruffan Sinanci kallon hoto suke yi musu. Su zana harafi yadda ido ya gani, ta duk inda hannu ya ga dama, su cika shafi da shi, washegari ya gudu. Na gaji da ganin wannan.

Kowane harafi yana da tsarin jan layukansa: daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, na kwance kafin na tsaye, kamar a 十, wato goma. 口, baki, ja uku ne ba huɗu ba, domin layin sama da na dama a haɗe suke, ba a ɗaga alƙalami a kwanar. A 国, ƙasa, sai ka cika cikin tukuna sannan ka rufe gindin. Wani zai ce, to ai ya fito, meye na wahala? Ya fito ne don kana tafiya a hankali. Basine in yana sauri, layukan nan haɗewa suke yi bisa wannan tsarin, kuma wanda hannunsa bai saba da shi ba, rasit ɗin da aka rubuta masa da hannu ma ba zai iya karantawa ba. Ga shi a ƙamus da ƙirgen layuka ake lalubo harafi.

Sai rashin rarraba harafi gunduwa-gunduwa. Mafi yawansu haɗi ne: ɓangare ɗaya yana nuna ma'ana, ɗaya yana nuna lafazi. Dubi 请, 清, 情, 晴. Duk suna ɗauke da 青, duk kuma qing ake karanta su, ko da yake karin muryar ba duka ɗaya ba ne. Na gefen hagu ne ke gaya maka magana ce, ruwa ne, zuciya ce ko rana. Tun ƙamus ɗin Kangxi na 1716 aka tsayar da waɗannan ɓangarorin da ake jera haruffa a ƙarƙashinsu, wato tushe, guda 214. Ba sai ka haddace su duka ba, amma wanda bai san 氵 na ruwa da 扌 na hannu ba, wahalar banza yake sha.

Yanzu ga wanda ke ƙona mini rai: dogaro da waya. Ka buga pinyin, wato lafazin Sinanci da haruffan boko, haruffan Sinanci su jeru, ka danna na farko ka tura. Madannin bai damu da karin murya ba. Ka rubuta "mai" da pinyin, zai kawo maka 买 da 卖 a jere. Na farko saye ne, na biyu sayarwa, bambancinsu ɗan 十 ɗin da ke kan na biyun. Da wannan na taɓa aika wa wani dila a Guangzhou cewa ina son sayar da cajar waya, alhali saye nake nufi. Mutumin ya ɗauke ni ɗan talla, ya yi banza da ni, kafin a gane bakin zaren farashi ya tashi. Haba jama'a! Mutum zai tura kuɗin da ya sha wahalar tarawa, amma ya kasa tsayawa ya dubi harafi ɗaya? Kuma Bahaushe ne zai ce karin murya ya fi ƙarfinsa, shi da ke bambance kukan yaro da miyar kuka ba tare da ya yi tunani ba? Saye mǎi ne, murya ta nutse ta taso; sayarwa mài, ta faɗo kai tsaye. Su kansu Sinawa suna kuka da wayar nan, har suna da sunan cutar, 提笔忘字: ka ɗauki alƙalami, harafin ya ɓace.

Ƙananan kuma ga su. 土 da 士, 未 da 末, tsawon layi kawai ya raba su, kada ka yi ganganci. Kada ka gauraya sauƙaƙan haruffan da Sin ta fara amfani da su a 1956 da na gargajiya na Taiwan da Hong Kong, zaɓi ɗaya. Kada ka kwaikwayi rubutun ɗab'i, nemi salon Kaiti, mai kama da rubutun hannu. Kada ka koyi harafi shi kaɗai: 东 gabas, 西 yamma, amma 东西 kaya ne. Kuma ka daina tsorata da yawansu. Jerin hukuma na 2013 yana da 8,105, amma 3,500 na matakin farko sun isa karanta jarida.

Ni dai kwafi ɗari ba ya cikin tsarina, ko da wasu malamai za su ce sam. Takarda mai gidaje irin na 田 nake amfani da ita, da fensir. In duba harafin a manhajar ƙamus ta Pleco, in ga yadda layukansa ke bin juna, in rufe wayar, in rubuta da ka ina furta shi da ƙarfi cikin kalma guda. Kamar allo ne, ba a wankewa sai an haddace. Wanda ya kuɓuce mini in yi masa jan alama, shi zan fara da shi gobe da safe kafin in taɓa wani sabo.