Yadda Ake Haɗa Zanen Kwamfuta Mai Ɗauke da Duk Bayanin Ƙira

A Panteka da Kakuri da ke Kaduna, yawancin aiki da samfuri ake yin sa: a kawo tsohon ƙarfe a ce a yi irinsa. Amma ƙarfen da ya ci ya suɗe ba zai faɗa maka asalin awonsa ba. Maganin wannan shi ne zanen kwamfuta mai nuna tsawo da faɗi da kauri, wanda kowane bayani ke manne a jikinsa. Mu ɗauki sandar injin markaɗe mai shiga boris lamba 6205.

Da farko ka zana sandar a manhaja irin SolidWorks, ko FreeCAD wadda kyauta ce. Ka tsaya kan milimita, kada ka gauraya da inci.

Daga nan ka zaɓi wurin da za a riƙa ɗaukar awo daga gare shi. A sanda, mazaunin boris ne, domin a kansa komai ke juyawa.

Sai babban aikin, wato rubuta iyakar kuskuren da aka yarda da shi. Ramin 6205 milimita 25 ne, amma rubuta 25 kawai bai wadatar ba. Idan ka sa k6, wato alamar iyakar kuskure, kusa da 25, ka gaya wa mai injin yankan ƙarfe cewa kaurin ya tsaya tsakanin 25.002 da 25.015. In ya gaza haka sosai, sanda za ta riƙa zamewa cikin boris tana cinyewa. In ya zarce, boris zai matse ya yi zafi. Sai dai kada ka tsaurara ko'ina. A ganina nan ne kuɗi ke zurarewa, don ɓangaren da ba ya taɓa komai bai buƙatar irin wannan takatsantsan. Ka ƙara nau'in ƙarfe, santsin fuska, da lambar gyara, wato lambar da ke nuna sau nawa aka gyara zanen.

Wajen fitar da fayil, ka nemi nau'in fayil na STEP AP242, wanda ya fito a 2014 ƙarƙashin ƙa'idar duniya ta ISO 10303, domin yana iya ɗaukar waɗannan bayanai. Ba kowace manhaja ke zuba su ciki ba, saboda haka ka buɗe shi a wata kwamfutar ka duba. Nau'in fayil na STL siffa kawai yake ɗauka, bai dace da wannan aiki ba.

Idan mai injin ba shi da kwamfuta, ka ciro masa PDF daga zanen ka tura ta WhatsApp. Duk gyaran da ya taso, a zanen za a fara yin sa, sannan a sake turawa da sabuwar lamba, a kuma ce ya goge tsohon.